Furen karya da yamma: me ya sa hoton ke dishewa?

Tambaya: Jama'a, salamu alaikum. Idan aka ɗauki hoton furen karya (shukar nan mai jan fure) dab da magariba, jan nan yakan cakuɗe babu zane, gefen furen kuma ya yi dishi-dishi. Ina gyaran yake?

Mai Kyamara: Wa alaikumus salam. Matsala biyu ce. Ja shi ne launin da ke fara ƙonewa a kyamara, wato haske ya yi masa yawa har zanensa ya ɓace, don haka rage ma'aunin haske na kyamara zuwa -0.7. Dishewar kuwa motsi ne: haske ya ragu, kyamara ta sauke gudun shata (murfin da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga), iska kuma na kaɗa furen. Kada gudun shata ya sauka ƙasa da 1/250 na daƙiƙa, gara ka ɗaga ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) zuwa 400 ko 800. Buɗin lens (faɗin kafar da haske ke shiga) ka sa shi f/4 zuwa f/5.6, domin a f/1.8 bakin fure kaɗai zai fito sarai. Ka cire ma'aunin fari (white balance, mai daidaita launi) daga Auto ka sa 5500K, in ba haka ba Auto ɗin zai goge ruwan ɗorawar yammar.

Baƙon Dandali: Malam, kana makara ne. Rana a nan saurin faɗuwa take yi, ka fara minti 40 kafin kiran salla. Sa ranar a bayan furen, ka riƙe farar takarda a gabansa ta mayar da haske cikinsa. Ƙurar hunturu ma tana tausasa hasken, sai dai a riƙa goge lens.

Mai Waya: In waya ce, danna kan furen ka riƙe har ta kulle, ka ja alamar rana ƙasa kaɗan. Kashe filasha. Ja baya ka yi amfani da zum na 2x, domin in ka matsa sosai inuwarka za ta faɗa kan furen.