Famfo mai ido: abin da masu shi suka ce

Da aka tattauna kan famfon da ke sakin ruwa ba tare da an taɓa shi ba, ƙorafin duk a kan idonsa ya ƙare, wato 'yar na'urar da ke gane an kawo hannu. Wani haske yake harbawa wanda ba a gani, in ya bugi hannu ya dawo sai ruwa ya zubo. Shi ya sa tukunya mai sheƙi ko kyanwa ke kunna shi, amma ya ƙi kunnuwa in an kawo kwano baƙi. Aka ce a riƙa goge idon da tsumma mai laushi, don busasshiyar kumfa kan makantar da shi. In ya fara jinkiri, a duba batir kafin a kira mai gyara. Ni dai na fi gamsuwa da masu cewa a sayi wanda ake iya kunnawa da hannu, saboda ranar da batir zai mutu ana tsakiyar wanke-wanke.