Rigimar "jarumi" a zauren 'yan motsa jiki na Sakkwato

Na Mabera: Tun jiya na saka bidiyon Epke Zonderland ɗan ƙasar Holan, ko mutum ɗaya bai tanka ba. Da hoton naman sallah ne da kun cika waje. A Olamfik ta Landan 2012 mutumin nan, a wasan lilo da alkafura a kan ƙarfen da ke gicciye a sama, ya saki ƙarfen sau uku a jere da salon alkafura da ake kira Cassina, Kovacs da Kolman, duk ya sake cafke shi, ya ɗauki zinare da maki 16.533. Ƙarfen nan mita 2.8 ne daga ƙasa. Wallahi wannan shi ne jarumi.

Ɗan Kware: Jarumi? Wa ya kayar?

Baban Yara: Lilo ne kawai, mu ma mun yi a reshen mangwaro.

Malamin Fiziks: Baba, da girmanka, ba lilo ba ne. Da zarar hannu ya bar ƙarfen, hanyar da tsakiyar nauyin jikinsa za ta bi a iska ta yanku, ko ya yi ta harbe-harbe ba zai sauya ta ba. Abin da ya rage masa shi ne saurin juyi: ya dunƙule ya juya da sauri, ya miƙe juyin ya ragu. Shi ya sa Cassina ta fi Kolman wuya. Dukansu alkafura biyu ce ta baya a saman ƙarfe da murɗa jiki sau ɗaya, amma Cassina a miƙe ake yin ta, dole ya taho da juyi mai yawa tun daga lilon. Ƙarfen ma lanƙwasawa yake idan ya zo ƙasa, sannan ya mayar masa da ƙarfin. Ya saki da wuri ko ya makara kaɗan, ko dai ya faɗa kan ƙarfen ko ya yi nisan da yatsu ba za su kai ba.

Ɗan Kware: Malam, ba aji muke ba. Ni kalmar jarumi nake tambaya. Mu da munka tashi a fagen kokawa, jarumi shi ne wanda ya sa bayan ƙato a ƙasa, makaɗa na kiran sunansa.

Na Mabera: To ai ba ƙauye ake magana ba.

Ɗan Kware: Kware ce ƙauye? Ka maimaita.

Hajiya Mai Atamfa: Ni dai na ga katifa a ƙasa. Jarumi da katifa?

Malamin Fiziks: Hajiya, katifar ba ta hana a cire maki ɗaya cur ga wanda ya faɗo. A wasan ƙarshe na Faris 2024 da dama sun faɗo, Shinnosuke Oka na Japan ya ci. Ku dubi salon da ake kira Tkachev ma: ɗan wasa yana lilo ta wannan fuska, amma juyin da zai yi a sama kishiyarta ne, kuma dole ya samar da shi kafin ya saki.

Baban Yara: Farin garin nan da suke shafawa a hannu fa? Ni ban yarda babu asiri ba.

Malamin Fiziks: Alli ne na tsotse gumi. Akwai kuma fatar da suke ɗaurawa a tafin hannu mai ɗan tsinke kusa da yatsu don riƙo.

Ɗan Kware: Kun ji! Su ma da layarsu, amma mu ake ce wa 'yan tsibbu.

Na Mabera: Kai fara biyan kuɗin rigar ƙungiya tukuna.

Ɗan Kware: Na biya, a tambayi ma'aji. Kai da anka kayar da kai a tseren yara kake kiran jarumi.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Taƙaitawa ga waɗanda ba su nan: Na Mabera ya kawo wani Bature mai lilo ya ce jarumi ne, jama'a sunka ƙi. Malam ya yi dogon bayani wanda, a fahimtata, ya nuna abin lissafi ne, ba jarumta ba. Ɗan Kware ya kare martabar kokawa cikin ladabi, aka ci masa fuska. Na Mabera ya janye kalmar ƙauye kafin la'asar, in ba haka ba zan cire shi.

Malamin Fiziks: Ranka ya daɗe, ban ce ba jarumta ba ce.

Shugaban Zaure: An rufe magana.