Daskarar da gawa don a farfaɗo da ita nan gaba

Mun sha ja-in-ja kan masu biya a adana gawarsu cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ko kimiyya za ta farfaɗo da su wata rana. Yawanci sun ce kar ka taɓa kuɗin iyalinka, don tun 1967 da aka daskarar da James Bedford a Amurka har yau ba wanda ya farka, kuma ka bincika ko kamfanin zai ɗore. Wasu ko sun ce ba asara tunda ka riga ka mutu. Ni kam kaɗaicin ne ya tsaya min a rai, ka buɗe ido ba matarka ba 'ya'yanka, ƙila ma ƙwaƙwalwar ta manta sunanka.