Disamba ta zo, ayyuka sun yi mini rubdugu, ku ba ni shawara

Baban Khadija (Jidda): Assalamu alaikum 'yan'uwa, ku yi haƙuri zancen zai ɗan yi tsawo. Na shigo Saudiyya a 2016. Kawuna ne ya nemo mini biza, Allah Ya jiƙansa, ya rasu lokacin korona. Shi ya haɗa ni da maigidana, wani Bahadrame, wato ɗan asalin Hadramaut ta Yaman, mai shagon jallabiya da darduma a Balad, tsohon garin Jidda, kusa da Bab Sharif. Mutumin nan ya riƙe ni da amana, makullin sito ma a hannuna yake, da aka haifi Khadija shi ya sayi ragon suna. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce in bar shi.

To ga Disamba ta zo. Jardi ya taso, wato ƙirgen kayan ƙarshen shekara, kuma yaron da muke yi tare ya tafi hutu. 'Yan Umara daga gida sun cika gari, kowa da lambata a hannunsa. Igamata, wato takardar izinin zama, za ta ƙare tsakiyar Janairu, ga kuɗin zaman iyali da ake biyan gwamnati. Ga bikin ƙanwata a Kano ranar 27, Hajiyarmu ta ce kayan ɗaki suna wuyana. Jiya kwalin darduma ɗaya sau uku na ƙirga shi, kowane ƙirge da adadinsa, sai na zauna a kan kwalin ina kallon hannuna yana rawa. Ba na samun barcin awa huɗu. Ta ina zan fara?

Abu Faisal (Riyad): Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba aiki ne ya yi maka yawa ba, ka cusa komai a kai ne ba ka sauke a takarda ba. Shekarata 19 ina lissafin shaguna, na san wannan ciwon. Yau bayan Isha'i ka ɗauki biro ka rubuta kowane abu da ranarsa. Jardi ne kaɗai dole ya ƙare da shekara, ka raba sito shiyya-shiyya, kullum shiyya ɗaya bayan Asuba kafin a buɗe shago, abin da ka ƙirga ka manna masa takarda. Lissafin haraji na kashi 15, ƙananan shaguna duk wata uku suke miƙawa, na ƙarshen shekara wa'adinsa 31 ga Janairu, kada maigida ya tayar maka da hankali a kansa yanzu. Kuɗin igama kuwa doka a kan kafili, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamanka, ta ɗora shi. Naka shi ne riyal 400 duk wata a kan kowane mutum ɗaya na iyalinka, kuma tun 2021 ana iya sabuntawa wata uku-uku. Ka biya na wata uku, ka huta.

Hajiya Mai Abaya (Makka): Wallahi 'yan Umaran nan su ne ciwon. Mace ta kira ni ƙarfe biyun dare wai tana unguwar Misfala in raka ta kasuwar zinare. Na bar ɗinkina na bi ta wuni guda, ko kuɗin mota ba ta ba ni ba, ta koma gida tana cewa mu na nan mun yi girman kai. Ɗana, kashe wayar nan kawai.

Baban Khadija: Hajiya ba zan iya kashewa ba, ai ina yi musu awon kaya zuwa Kano da daddare, a nan nake samun na biki.

Abu Faisal: Ashe da sauran magana! Aiki biyu kake yi ba ka faɗa ba. To ka ajiye awon nan sai Janairu, shi ne ya cinye maka barci. Kuma ka sani yin wani aiki ba na kafilinka ba laifi ne a nan, in aka kama ka ba bikin kaɗai za ka rasa ba.

Ɗan Karantina: Yaya Abu Faisal, da girmanka, amma takarda ba ta ƙirga kwali. Mutum ɗaya yana aikin mutum biyu. Doka ta ce awa 48 a mako, abin da ya ɗoru a kai a biya da ƙarin rabi. An biya shi? Ni shekara shida na yi wa wani, kullum "kai ɗana ne", ranar da na kwanta asibiti ko leƙe. Ka duba Qiwa, shafin gwamnati na harkar ma'aikata, ka nemi canjin kafili.

Baban Khadija: Na fa ce ba zan bar shi ba. Bai taɓa riƙe mini albashi ba. Kuma ba na iya buɗe baki in tambaye shi kuɗin ƙarin lokaci, da kunya.

Maman Yusra (Madina): Ba wanda ya yi maganar rawar hannun. Yaya, ka je a auna jininka kafin komai, maigidana haka ya fara. Sannan ka kira Hajiya ka gaya mata gaskiyar abin da za ka iya, sauran 'yan'uwa su kama. Kai kaɗai ta haifa?

Abu Faisal: Rawar hannu rashin barci ne da shayi. Ya bi tsarin da na ba shi kwana uku ya gani.

Baban Khadija: Na gode Maman Yusra. Mu bakwai ne, amma ni ne a waje, kin san yadda ake kallonmu. Ba zan iya ce wa Hajiya babu ba, na riga na yi alkawarin gado da firji. Yaya Abu Faisal, bayan Asuba ɗin nan shi ne lokacin da nake ɗan runtsawa, in na ba jardi shi yaushe zan kwanta? Awon kuma na karɓi kuɗin mutum huɗu, jirginsu ranar Alhamis.

Ɗan Karantina: To shawarar wa za ka ɗauka ke nan?

Baban Khadija: Bari in je, ga wasu sun iso ƙofar shago da buhuna. Wanda ya san mai ƙaramar motar ɗaukar kaya da zai kai filin jirgi da rahusa ya yi mini magana.