Neman shawara: fayil mai gigabait 6 ya ƙi shiga faifai a kan Windows XP

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da tsohuwar kwamfuta mai aiki da Windows XP, kuma ba ni da halin sauya ta saboda wata manhaja da ba ta tashi a kan sababbin Windows. Ina son kwafe wani fayil mai girman gigabait 6 zuwa faifan waje, amma duk lokacin da na gwada sai ta ce wuri ya cika, alhali fiye da rabin faifan babu kome a cikinsa. Shin akwai inda ake ƙara iyakar girman fayil a cikin Registry, wato ma'ajiyar saitunan Windows?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka taɓa Registry, domin matsalar ba a can take ba. Ka duba Properties na faifan, ina kyautata zaton za ka ga an rubuta FAT32, wato tsarin da ake jera fayiloli da shi a faifan. Shi wannan tsari yana rubuta girman kowane fayil ne a gurbi mai bit 32, kuma lamba mafi girma da gurbin zai ɗauka ita ce 4,294,967,295, wato gigabait 4 ba bait ɗaya. Saboda haka babu saitin da zai ɗaga wannan iyaka, ko da faifan ya kai terabait, sai dai a sauya tsarin faifan gaba ɗaya. Saƙon da XP ke bayarwa ne ke rikita mutane, don maganar wuri yake yi maimakon maganar tsari. Don mayar da faifan zuwa tsarin NTFS, wanda ba shi da wannan iyaka ta gigabait 4, ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta convert E: /fs:ntfs, kana mai sa harafin faifanka a madadin E. Umarnin ba ya goge fayiloli, amma ba a komawa FAT32 sai da fomat, kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin ana iya yin asara, don haka ka fara adana kwafi a wani wuri.

Amsa ta biyu:
Shawarar ta yi daidai, sai dai ka yi tunanin inda kake jona faifan. Windows 98 ba ta karanta NTFS da kanta, haka ma wasu tsofaffin talabijin. In haka ne, gara ka bar shi a FAT32 ka sa manhajar 7-Zip ta rarraba fayil ɗin gida uku, kowane kashi gigabait 2. Akwai kuma tsarin exFAT mai ɗaukar manyan fayiloli, amma XP ba ta gane shi sai an saka mata sabuntawar KB955704.

Amsa ta uku:
Ƙarin bayani, ɗan'uwa: ko bayan NTFS, manhajar da za ta buɗe fayil ɗin tana iya tsayawa a gigabait 2, domin tsofaffin manhajoji da dama suna ƙirga wuri a cikin fayil da lamba mai bit 32 wadda aka ware bit ɗaya nata don alamar ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa da shi. Fayil ɗin PST, inda manhajar imel ta Outlook 2002 ke adana saƙonni, misali ne sananne. Wannan kam faifai ba ya maganinsa.

Mai tambaya:
Na duba, lallai FAT32 ne, kuma a kwamfutar nan kaɗai nake amfani da faifan. Zan adana kwafi tukuna sannan na mayar da shi NTFS. Na gode, Allah ya ƙara basira.