Kafin mu fara haƙa: sili nawa, bututu nawa, ta wace hanya?

Baban Amira: Assalamu alaikum manyana. An ɗora mini tsara layin faiba (kebul mai ɗaukar saƙo da haske) da zai haɗa turakun sadarwa 14 da cibiya, kusan kilomita 60. Wannan ne karo na farko da tsarin yake hannuna tun daga takarda. Ina tunanin kebul mai sili 24 (silin gilashin da haske ke bi), a binne kai tsaye, don kasafin ya isa. Me kuka gani?

Dattijon Zaure: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ajiye maganar kebul tukuna, ka dubi rami. A aikin faiba haƙa da izinin bin hanya su ne ke cinye mafi yawan kuɗin, kebul ɗin kansa ɗan kaɗan ne a lissafi. Tunda za ka buɗe ƙasa, sa bututun roba mai ƙarfi na HDPE, ka ƙara aƙalla ɗaya ka bar shi fanko. Ran da ake son ƙari, da iska za a hura sabon kebul ta ciki, ba wanda zai sake ɗaukar diga. Sili 24 kuma ya yi kaɗan ga babban layi. Hau zuwa 96, in an matsa maka 48. Araha ba ta ado.

Maman Khalifa: Baba ya gama magana a kan rami. Ni tambayata, Injiniya: layin miƙaƙƙe ne ko zobe?

Baban Amira: Zobe ne, Hajiya. In an yanke gefe ɗaya, saƙo ya juya ta ɗayan.

Maman Khalifa: To ka taka hanyar da ƙafarka, kada ka yarda da zoben takarda. Mun taɓa karɓar aiki daga wani ɗan kwangila, a taswira zobe ne cif. Ashe da suka iso wata gada, hannuwan biyu suka bi rami ɗaya na 'yan ɗaruruwan mitoci, don kada a nemi izini sau biyu. Rana ɗaya katafilar masu gyaran titi ta ɗebe su tare. Na'urorinmu an saita su su sauya hanya cikin milisakan 50, amma ina hanyar da za su koma? Na tsaya bakin ramin ina kallon kebul biyu a tsinke, silin shuɗi da na ruwan lemo sun barbazu cikin laka, wayata kuwa ba ta daina ƙara ba. Har yau abin yana mini ciwo, don ni na sa hannu a takardar karɓar aikin. Gada, layin dogo, mashigar ginin cibiya: nan ne hanyoyi biyu ke komawa ɗaya ba ka sani ba. Ko cibiyar ma, ka shigar da kebul ta kusurwa biyu daban.

Abu Hanif: Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Nau'in faiba kuwa, G.652.D ya ishe ka a babban layi. G.657, mai jure lanƙwasa, ka bar shi wa cikin gine-gine inda lanƙwasa ta yi yawa. Lissafin asarar haske, da ake aunawa da dB: kusan 0.35 dB a kowace kilomita a haske mai tsawon zango 1310 nm, kusan 0.2 a 1550 nm. Kowane haɗi na narkarwa kada ya wuce 0.1 dB. Ka bar rarar 3 dB, domin duk gyaran da za a yi nan gaba haɗi biyu yake ƙara maka.

Baban Amira: Akwai maganar nan gaba a kai faiba gidaje da ofisoshin da ke kan hanyar. In saka ta yanzu?

Abu Hanif: Saka ta a lissafi ko da ba za a gina yau ba. GPON, tsarin raba faiba ɗaya ga gidaje da yawa, yana ba da gigabit 2.5 a saukowa, 1.25 a hawa, kuma na'urar ajin B+ asarar 28 dB kawai take ɗauka. Mai raba haske gida 32 (1:32) shi kaɗai zai ci kusan 17. In ka ƙara kilomita 15, ga 5 da ɗoriya, ga mahaɗai, ka kai 25. Ka ga tun yanzu ya kamata ka san inda za ka ajiye akwatunan rabawa. Daga baya XGS-PON, magajin GPON mai gigabit 10, zai hau faiba ɗin nan ba tare da an canza shi ba.

Ɗan Fili: Oga, roƙona ɗaya a madadin mu masu gyara. Ka bar mana rarar kebul a naɗe a kowane ramin dubawa, mita 20 ko fiye. In babu, ba ma iya jawo shi cikin mota mu haɗa, sai dai mu tsuguna a rami ƙura na shiga injin. Zurfi kuma kada ya gaza mita ɗaya, a shimfiɗa ledar gargaɗi a sama da bututun, mai haƙa ya ci karo da ita kafin ya kai ga kebul.

Dattijon Zaure: Ya yi gaskiya. Inda dutse ya hana haƙa, ADSS, kebul ɗin da ake ratayawa a kan falwaya, ya fi sauri, sai dai ka san iska da manyan motoci za su riƙa taɓa shi. Kuma kada ka biya kuɗin ƙarshe sai an ba ka gwajin OTDR (na'urar auna asarar haske a tsawon layi) na kowane sili, daga ɓangarorin biyu, a 1310 da 1550. Lanƙwasa tana ɓuya a 1310, a 1550 take tona kanta. Taswirar da za ka karɓa ta zama ta inda aka bi a zahiri, da lambobin GPS na kowane rami da kowane haɗi.

Baban Amira: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma sili 96 da bututu biyu. Hajiya, yanzu na sake buɗe taswirar, akwai kwalbati ɗaya da hannuwan zoben suka haɗu a kai. Gobe da safe zan je in gan shi, in turo muku hoto mu duba ta inda za a kauce.