Wane littafi zai taimaka mini in gane tsofaffin kwabbai masu huda?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Jama'a, shawara nake nema kan littafi. A cikin adakar kakarmu, Allah ya jiƙanta, mun tarar da gwangwani cike da tsofaffin kuɗi: anini, ɗari da kwabo masu huda a tsakiya, sulalla masu hoton bishiyar kwakwar manja, sai wani ƙaton kuɗin azurfa mai kan wata mata, an rubuta 1780 a bayansa. Akwai kwabo uku na 1936 masu sunan Edward VIII, kuma ƙanena ya dage wai ya gani a Facebook cewa kowanne zai sayi mota. Ni ba sayarwa ce a gabana ba, so nake in san abin da ke hannuna. Wane littafi zan nema, kuma ana samunsa a ƙasar nan?

Malam Na-Tudun-Wada:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya. Ka fara gaya wa ƙanen naka ya kwantar da hankalinsa. Gaskiya ne Edward VIII, sarkin Ingila, bai cika shekara a kan gadon sarauta ba, kuma a Ingila ba a fitar da kuɗinsa kasuwa ba. Amma namu na Afirka ta Yamma ba sa buƙatar hoton sarki saboda hudar, suna kawai ake bugawa, don haka aka zubo su da yawan gaske. Duk mai tara tsofaffin kuɗi yana da shi.

Littafin da nake komawa kullum shi ne na David Vice, *The Coinage of British West Africa and St. Helena 1684-1958*, wanda ya fito a 1983. Ya daɗe da ƙarewa a shaguna, sai na hannu, amma ya cancanci wahalar nema. Shi zai koya maka duba ƙananan haruffan da ke kusa da hudar: H na kamfanin Heaton ne a Birmingham, KN na King's Norton, SA na Pretoria, wanda kuma ba shi da harafi daga gidan buga kuɗi na Landan ya fito. Kwabo biyu na shekara ɗaya, harafin nan kaɗai kan raba darajarsu. Ka ari gilashin mai gyaran agogo, da ido zalla ba za ka gani ba, musamman idan dauɗa ta cike wurin.

Ka kuma ɗaga aninan ɗaya bayan ɗaya. Idan ka ji wani ba nauyi sam, fari-fari, mai 1907 ko 1908, na alminiyam ne, yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Bai jure gumi da damina ba, shi ya sa aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel. Na shekarun farkon nan an rubuta musu Nigeria tare da British West Africa, daga 1912 ne aka cire sunan Najeriya, shekarar da aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma. Sulallanka masu kwakwa daga 1913 suka fara.

Kundin Krause kuwa, *Standard Catalog of World Coins*, yana da amfani wajen lambobin KM da dillalai ke kiran kowane kuɗi da su. Farashin da ke ciki dai kada ka ɗora rai a kansa. Na kasuwar Amurka ne, kuma kamfanin da ke buga shi ya durƙushe a 2019.

Uwar Zinariya (Damagaram):
Ɗana, mai 1780 ɗin nan da wuya a ce a 1780 aka buga shi. Mariya Teriza ce, sarauniyar Ostiriya, a shekarar ta rasu, kuma tun daga nan duk wanda aka sake bugawa shekarar yake ɗauka, har yau ana buga shi a Biyana. Nauyinsa wajen giram 28 ne, ka kai a auna maka. A nan maƙeran farfaru sun narkar da da yawa sun yi mundaye da zobba, wanda ya tsira sau da yawa za ka ga an liƙa masa kunne don rataya a wuya.

In kana son sanin abin da yake saye a da, nemi littafin tafiye-tafiyen Barth, Baturen Jamus ɗin nan da aka fi sani da Abdulkarim. Da ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ake canjin irin wannan azurfa. Labarin wurin kansa, yadda ake kwaso shi daga tsibiran Maldib har ya iso kasuwar Kurmi, yana cikin *The Shell Money of the Slave Trade* na Hogendorn da Marion Johnson, 1986. Ba na masu neman farashi ba ne, amma ni ya fi min daɗin karatu.

Ɗan Fagge:
Na gode, Malam, na gode Hajiya. Na duba yanzu, biyu daga na 1936 ɗin suna da H. Amma duk sun yi baƙi ƙirin, in goge su da toka da lemon tsami kafin in ɗauki hoto?

Malam Na-Tudun-Wada:
Kul! Toka tana kankare fuskar ƙarfen, mai saye yana gani zai zabge kuɗin. Ruwan ɗumi da ɗan sabulu kawai, ka shanya a kan tsumma mai laushi, sannan kowanne ka naɗe shi a takardarsa daban, ka rubuta shekara da harafi.

Kafin ka samu Vice, shafin Numista, kundin kuɗaɗen duniya a intanet, kyauta ne, hotunan duk suna nan. Littafin Barth yana kan archive.org. Na gida kuwa akwai na Ekpo Eyo, *Nigeria and the Evolution of Money*, wanda Babban Bankin Najeriya ya fitar a 1979. Ka fara tambaya a ɗakin karatu na Jami'ar Bayero tunda kana kusa, in ba a dace ba ka gwada na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya. Ka turo mana hoton aninan gaba da baya, da wani abu a gefe don a ga girmansu.